Wanda Ya Biya Kuɗin Lu'ulu'u

Karatu: Matiyu 13:44-46, Wahayin Yahaya 18:11-13 da 21:21-25

Ɗan'uwana mai karatu, da ke 'yar'uwata, idan Allah ya sa wata rana tsohuwar sarƙar lu'ulu'u ta shigo hannunka, irin wadda kakanni kan bar wa jikoki, kada ka yi garajen tambayar nawa za ta yi a kasuwa. Ka shimfiɗa ta a tafin hannunka tukuna. Za ka ji sanyinta kafin ta ɗauki ɗumin jikinka. Za ka ga ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, babbar tana tsakiya, sauran suna ta ƙanƙancewa dama da hagu har su kai ga maɓallin da ke bayan wuya. Za ka ga farinsu ya soma juyawa zuwa launin man shanu saboda shekaru. In ka ƙura ido sosai kuma, za ka hangi ɗan ƙulli na zaren alharini tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da ya zo haka kawai. Kowannensu yana ɗauke da labari, kuma wanda ya san labarin zai karanta misalin da Ubangijinmu ya bayar game da attajirin lu'ulu'u da wani sabon ido.

A Hausa mukan kira kusan kowane dutse mai daraja da sheƙi lu'ulu'u, har da daimon da ake tonowa daga ƙasa. Amma kalmar ta zo mana daga Larabci, inda take nufin ƙwayar nan da ake samu a cikin wata halittar teku mai ɓawo biyu, 'yar'uwar ƙumbar da yara ke tsinta a bakin kogi. Ita ce Linjila take nufi. Da Helenanci ana kiranta margarites, daga nan ne sunan Margaret ya fito, saboda haka kowace Margaret da ke cikin ikkilisiyarku sunanta Lu'ulu'u ko da ba ta sani ba. Zinariya sai an narka ta an tace. Daimon sai an yanka shi an goge kafin ya yi haske. Lu'ulu'u kuwa yakan fito daga ɓawonsa da kyansa cikakke, abin da ya rage wa ɗan adam shi ne ya huda shi ya zura zare.

Ga yadda yake samuwa. A jikin ɓawon daga ciki akwai wani tantanin nama, shi ne yake fitar da ruwan da ke gina ɓawon ya kuma yi masa sheƙi. Idan wata tsutsa ta huda ɓawon ta shiga, ko wani rauni ya ture ɗan guntun tantanin nan zuwa cikin naman halittar, sai guntun ya yi 'yar jaka ya kewaye wurin, ya shiga zuba ruwan nan a kai. Sinadarin da ke cikinsa irin na alli ne da ɓawon ƙwai, haɗe da wani abu mai danƙo da ke riƙe shi. Yaɓe ne bisa yaɓe, kamar yadda maigida yake sabunta yaɓen ɗakinsa kowace shekara, sai dai kowane yaɓe a nan ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba. Sai an yi dubbai a kan juna, cikin shekaru, kafin a sami ƙwaya mai girman wake. Hasken da yake shiga cikin waɗannan yaɓe-yaɓe ya komo shi ne sheƙin nan mai zurfi da gilashi bai iya kwaikwayonsa sosai ba.

Na sha jin wa'azi a kan wannan, kai ma na tabbata ka ji. Akan ce ƙwayar yashi ce ta shiga ƙumba ta dame ta, ta yi haƙuri, sai damuwar ta zama lu'ulu'u, don haka kowace wahala da ta same ka lu'ulu'u ce take zuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ina roƙonka ka riƙe ta da hankali. Da fari dai, ƙumba a cikin yashi take zaune dare da rana, tana kuma da hanyar furzar da shi. Da yashi ne ke kawo lu'ulu'u da ya fi tsakuwa araha. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, masu nutso sukan buɗe ƙumba ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kafin su ga ƙwaya ɗaya ta kirki. Yawancin raunuka ba sa zama kome. Wata ƙumbar takan mutu da rauninta, wata takan fito da ɗan ƙulluɓutu marar siffa wanda ba mai saye. Saboda haka idan ka je gaisuwar mutuwa wurin matar da ta binne ɗanta, kada ka ce mata wannan lu'ulu'u ne Allah yake ƙera mata. Ka zauna tare da ita, ka yi kuka tare da masu kuka kamar yadda manzo Bulus ya umarta. Allah yana da ikon fitar da alheri daga kowace masifa, amma shi ne mai sanin lokaci da hanya, ba mu ne za mu riga shi sanarwa ba. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki don su bayyana dalilin wahalarsa ne suka ɓata.

To, ƙumba ta biya nata kuɗin. Saura wanda ya sauka ya ɗauko ta.

Shekaru dubbai, mafi kyawun lu'ulu'un duniya daga Tekun Fasha yake fitowa, musamman kewayen tsibirin Bahrain, sai kuma Bahar Maliya da mashigin da ke tsakanin Indiya da Sri Lanka. A Tekun Fasha babban lokacin nutso yakan kama daga watan Yuni zuwa farkon Oktoba, wato lokacin da ruwa ya yi ɗumi, zafin rana kuma ya kai maƙura. Jiragen ruwa masu filafilai sukan fita su yi wajen wata huɗu. Mai nutso ba shi da tukunyar iska ko tabarau. Yana da ɗan matsi na ƙoƙon kunkuru da yake maƙala wa hancinsa, da safar fata a yatsunsa, da kwando rataye a wuya, da dutse ɗaure da igiya wanda yake takawa don ya ja shi ƙasa da sauri. Yakan sauka zurfin mita 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, ya yi kamar minti ɗaya yana ɓamɓaro ƙumba yana jefawa a kwando, sa'an nan ya girgiza igiya, abokin aikinsa da ke kan jirgi ya jawo shi da dukan ƙarfinsa. Ya huta kaɗan, ya sāke komawa, haka har faɗuwar rana. Abincinsa na yini 'yan ƙwayoyin dabino ne da gahawa, don ciki cike ba ya nutso. Sai da dare ake cin shinkafa da kifi. Kunnuwa sukan fashe, idanu sukan lalace saboda gishiri, ga kifaye masu cizo da masu harbi.

Da safe akan buɗe ƙumbar jiya a gaban idon shugaban jirgi, duk abin da aka samu kuma cikin jan ƙyallensa yake shiga. Mai nutso yakan karɓi bashi kafin a fita don ya bar wa iyalinsa abinci, ya karɓi wani a lokacin da ba a aiki, in kakar ba ta yi kyau ba bashin ya hau kan na bara. Mutum yakan mutu da bashin, ɗansa ko ƙanensa ya gāje shi ya shiga jirgin a madadinsa, har sai da aka yi gyaran doka a Bahrain a shekarun 1920. Da yawa daga cikin masu nutson nan kuma bayi ne da aka kwaso daga Afirka, ko 'ya'yansu da jikokinsu. Daga hannunsu lu'ulu'un yakan wuce wurin dillalai, su tankaɗe shi da rariyar tagulla mai huda daban-daban don a ware manya daga ƙanana, sa'an nan a kai shi Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu, a huda a zura, daga can sai Paris da Landan. Kafin a haɗa sarƙa ɗaya wadda ƙwayoyinta suka dace da juna a launi da siffa, dillali yakan yi shekaru yana tarawa. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a wannan sana'a wani ne ya yi gudun, wani dabam ya ci zomon.

A ɗaya gefen duniya ma haka abin ya kasance. A farkon ƙarni na 16 Turawan Sifen suka sami lu'ulu'u a tsibirin Kubaguwa, kusa da gaɓar ƙasar Benezuwela ta yau. Suka tilasta wa 'yan asalin yankin nutso har suka ƙare, suka kawo bayi daga Afirka, cikin 'yan shekarun da ba su kai tsawon ran mutum ɗaya ba ƙumbar ma ta ƙare. Wani limamin Kirista, Bartolome de las Casas, ya rubuta abin da ya gani da idonsa yana kai kuka ga sarkin Sifen. A cikin wannan ƙarni ne aka samo wani lu'ulu'u mai siffar ɗigon hawaye a tekun Panama, wanda aka laƙaba wa suna La Peregrina, wato matafiyiya. An ce wani bawa Ba'afirke ne ya ɗauko shi, aka sāka masa da 'yanci. Ya shiga hannun Sarki Filibus na Biyu, sarauniyoyin Sifen suka yi ta ado da shi fiye da shekara ɗari biyu, Joseph Bonaparte ya fita da shi a 1813, ya zauna a gidan wasu masu sarauta a Ingila, har a 1969 ɗan wasan kwaikwayo Richard Burton ya saya wa matarsa Elizabeth Taylor a kan dala 37,000. A 2011 aka yi gwanjonsa tare da sarƙarsa a kan dala miliyan 11.8. Tarihi ya adana sunan kowane sarki da kowace sarauniya da suka taɓa shi, ya bar sunan wanda ya riƙe numfashinsa ya sauka. Sai dai akwai littafin da ba a barin suna, kuma mai riƙe da shi ya ga saukar bawan nan.

Yanzu bari mu zo ga farashi, abin da zuciya ta fi saurin tambaya. A zamanin da Yesu yake koyarwa a Galili, ba abin da ya kai lu'ulu'u tsada a daular Roma. Marubucin nan Pliny, wanda ya kammala babban littafinsa kan halittu wajen shekara ta 77, ya sa shi a kan gaba cikin dukan abubuwa masu daraja. Shi ne ya ba da labarin yadda sarauniya Kiliyopatra ta Masar ta jefa lu'ulu'un ɗan kunnenta a ruwan tsami ta shanye, don ta nuna za ta iya cinye dukiyar ƙasa guda a zama ɗaya. Wannan daraja ta daɗe ba ta girgiza ba. A 1917 wani attajiri a New York, Morton Plant, ya ba kamfanin Cartier katafaren gidansa da ke babban titin birnin, ya karɓi dala 100 da sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu wadda matarsa ta gani ta ƙyasa. An ƙiyasta sarƙar a kan dala miliyan 1. A lokacin ba wanda ya ce an cuce shi.

Amma a wani ƙaramin garin bakin teku a Japan, mai suna Toba, akwai ɗan mai sayar da taliya da ake kira Mikimoto, wanda tun 1893 ya yi nasarar sa ƙumba ta yi masa rabin lu'ulu'u a jikin ɓawonta. Wasu 'yan ƙasarsa biyu, Mise da Nishikawa, suka gano yadda za a sami mai cikakken kewaye: a yanko ɗan guntun tantanin nan daga wata ƙumba, a dasa shi a cikin wata tare da ƙwallon da aka sassaƙa daga ɓawo, a mayar da ita ruwa a jira. Abin da a dā sai an yi sa'a, ya zama noma kamar noman gyaɗa. A shekarun 1920 lu'ulu'un noma ya cika kasuwannin Turai, ido kuma bai iya raba shi da na asali ba sai da na'ura. Sa'an nan tattalin arzikin duniya ya rushe a 1929. Kasuwar Tekun Fasha ta faɗi warwas, jirage suka ruɓe a gaɓa, yunwa ta shiga gidajen masu nutso, sai da aka haƙo man fetur a Bahrain a 1932 mutane suka sami wata madogara. Sarƙar matar Plant kuwa, da aka yi gwanjonta a 1957 bayan rasuwarta, dala 151,000 ta yi. Gidan yana nan har yau, kantin Cartier ne, kuɗinsa ya ninka ba iyaka. Ƙwayoyin ba su canja ba, ko ɗaya bai rage sheƙi ba. Ra'ayin mutane ne ya juya, daraja ta bi shi.

Na ga irin wannan juyi a cikin danginmu, a ƙaramin ma'auni. Goggona ta yi aikin jinya shekaru masu yawa a wani asibitin mishan. Wata Baturiya da suka yi aiki tare, da za ta koma ƙasarsu, ta cire sarƙar wuyanta ta ba ta. Goggo ba ta sa ta sai ranar Jibin Ubangiji da ranar Kirsimeti, sauran kwanaki tana naɗe cikin ɗankwali a ƙasan akwati. Dukan unguwa sun san sarƙar, kowa kuma ya gaskata lu'ulu'u ne na gaske mai kuɗin gida. Da Goggo ta rasu, 'ya'yanta mata biyu manya suka shiga jayayya a kanta. Babbar ta ce ita ce 'yar fari. Mai bi mata ta ce ita ta yi jinyar tsohuwa shekara uku. Magana ta kai ga ba sa gaisawa a ƙofar majami'a, kowace ta ɗauki bencinta dabam a taron zumuntar mata. Dattawa suka ga abin zai yi nisa, suka ce a kai sarƙar a ƙiyasta, a sayar, a raba kuɗin. Ni aka wakilta in raka su wurin wani tsohon maƙerin zinariya.

Tsohon ya ɗauki sarƙar, ya goga ƙwaya ɗaya a gefen haƙorinsa a hankali, domin lu'ulu'u na gaske yakan yi ɗan kaushi a haƙori kamar yashi mai laushi, na kwaikwayo kuwa santsi gare shi. Ya duba bakin hudar da gilashin ƙara girma, ya nuna mana inda fenti ya ɗan ɓare. Ya ce, "Mama, ku yi haƙuri. Wannan gilashi ne aka shafa masa ruwan ɓawon kifi. Aiki ne mai kyau, tun ƙarni na 17 ake yin irinsa a Faransa, amma ba zai saya muku buhun masara ba." Ba wadda ta ce uffan. Babbar ta tura sarƙar gaban ƙanwarta, ƙanwar ta turo mata. Abin da suka yi wata shida suna gaba a kansa, ga shi kowace tana jin kunyar ɗauka. Sai autarsu, wadda ba ta taɓa sa baki a rigimar ba, ta ce, "Yaya, in ba kwa so ku bar mini. Ni dai in na gan ta, Mama nake gani tana tafiya gaban bagade."

Kada ka ɗauka autar ta yi wauta. Manyan duniya ma sun san irin wannan daraja. Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka, ta yi suna da wata sarƙa mai layi uku wadda ita ma ta kwaikwayo ce. A 1996 aka yi gwanjonta a kan dala 211,500, wato fiye da abin da sarƙar matar Plant ta gaske ta yi. Wuyan da ta zauna aka saya. Ga darajar kasuwa ke nan, wadda take hawa da sauka da ra'ayin jama'a, ga kuma darajar ƙauna, wadda ta fi ta tsarki amma ita ma takan mutu idan masu tunawa suka ƙare. Jikokin jikokin Goggo ba za su ga kome a sarƙar nan ba sai tsohon gilashi.

Autar ta sāke wa sarƙar zare, a wurinta na koyi amfanin ƙullin nan. Akan ƙulla zaren bayan kowace ƙwaya saboda dalili biyu. Lu'ulu'u abu ne mai taushi, wuƙa ma tana iya kankare shi, in ƙwayoyin suna gugar juna za su ci junansu a hankali. Sa'an nan duk ranar da zaren ya tsinke, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi, sauran su tsaya a wurarensu. Ka dubi ikkilisiyarku da wannan ido. Zare ɗaya ne ya ratsa mu duka, amma tsakanin mai bi da mai bi ana bukatar ɗan ƙulli na ladabi da kamun baki da riƙon asiri, don kusantar da ta haɗa mu kada ta zama gugar da za ta cinye mu. In kuma ɗaya ya yi tuntuɓe, bai kamata faɗuwarsa ta watsar da jama'a duka ba. Sauran su tsaya, a sunkuya a nemo wanda ya faɗi. Masu sana'ar sun kuma ce zare yakan saki da shekaru, sai a kwance a sāke, tun kafin ya tsinke. Sulhu ma haka yake, ya fi sauƙi tun gaisuwa ba ta yanke ba.

Akwai wani abu kuma. Lu'ulu'u yana da ɗan danshi a jikinsa. Wanda aka kulle shekara da shekaru a busasshen wuri don tsoron ɓarayi yakan bushe, ya dushe, wani lokaci ya tsage. Turare da ruwan tsami suna cin fuskarsa, shi ya sa ake cewa shi ne na ƙarshen sawa, na farkon cirewa, a goge shi da ƙyalle mai laushi. Amma sawa da kulawa sun fi masa ɓoyewa. Bangaskiyar da aka naɗe a ƙasan akwati, ana fito da ita sau biyu a shekara, ita ma takan dushe ba tare da mai ita ya lura ba.

Da wannan duka a zuciyarka, koma ga misalin da ke cikin Matiyu sura 13. Ubangiji ya jera misalai biyu. A na farko mutum ya yi karo da dukiya binne a gona, ba nemanta yake yi ba. A na biyu kuwa attajiri ne wanda neman lu'ulu'u masu kyau shi ne sana'arsa. Irin mutumin nan ne mai rariya da ma'auni da jan ƙyalle, wanda dubban ƙwayoyi suka ratsa yatsunsa, wanda ba a ruɗinsa da gilashi. Ba jahili ba ne, ba kuma matsiyaci ba ne. Yana da kaya masu kyau a jakarsa. Masu sauraron Yesu, masunta da manoma, sun san cewa mutum irin wannan ba ya zuba jarinsa duka a abu ɗaya. Duk da haka da ya ga guda ɗaya, ya je ya sayar da dukan abin da ya mallaka ya saye shi. Daga ranar nan ya daina zama ɗan kasuwa, gama ba shi da sauran abin juyawa. Wanda zai saya don ya sayar yakan bar wa kansa abin komawa. Wannan bai bar kome ba, domin ya sami abin da ba zai sāke sayarwa ba.

Tambayar da misalin yake yi maka ba ta shafi munanan abubuwa kaɗai ba. Barin maye da sata da zina, kowa ya san wajibi ne. Abin da attajirin ya sayar lu'ulu'u ne masu kyau. Sunanka a gari, da matsayinka a majalisar ikkilisiya, da gādon da kake ganin hakkinka ne, da gaskiyar da kake da ita a rigimarka da ɗan'uwanka, duka suna iya zama masu kyau. Amma in riƙe ɗaya daga cikinsu zai hana ka Mulkin Sama, wanne za ka saki? 'Ya'yan Goggo sun kusa sayar da zumuncinsu don su sayi gilashi. Ko da tsohon maƙerin ya ce musu na gaske ne, cinikin dai hasara ne. Shi ya sa da Bulus ya rubuta wa Timoti game da ado, ya ambaci lu'ulu'u da sunansa, ya nuna cewa kyawawan ayyuka su ne adon da ya dace da masu tsoron Allah. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ta ceto.

Littafin Wahayi ya ambaci lu'ulu'u a birane biyu. A sura 18 yana cikin kayan kasuwar Babila. Jerin ya fara da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja da lu'ulu'u, ya bi ta kan tufafi da kayan ƙanshi da dabbobi, ya ƙare da bayi da rayukan mutane. Wanda ya san labarin Kubaguwa da jiragen Tekun Fasha ba zai yi mamakin ganin farkon jerin da ƙarshensa a takarda ɗaya ba. A sura 21 kuma sai ga shi a sabuwar Urushalima, ƙofofi goma sha biyu, kowace ƙofa lu'ulu'u guda. A Babila abin kullewa ne, na masu kuɗi kaɗai. A Urushalima ya zama ƙofa, ƙofar kuma ba a rufe ta. Abin da sarauniyoyi suka yi taƙama da ƙwayarsa ɗaya, bawan da ya mutu da bashi zai bi ta tsakiyarsa ya shiga gida.

Wa ya biya kuɗin wannan ƙofa? Ifraimu na Suriya, malamin ikkilisiya wanda ya rasu a shekara ta 373, ya yi waƙoƙi a kan lu'ulu'u, inda ya kwatanta masu nutso da suke tuɓe riguna su shafa mai su shiga ruwa da masu karɓar baftisma. Masu bi da yawa kuma sun karanta misalin attajirin ta ɗaya fuskar, suka ga Almasihu ne da kansa mai neman. Shi ne ya tuɓe ɗaukakarsa, ya ɗauki siffar bawa, ya sauka zurfin da ba mai igiyar da za ta jawo shi, ya ba da dukan abin da yake da shi har ransa. A kasuwar duniya mai nutso dabam ne, mai saye dabam, mai ado dabam. A kan gicciye wanda ya sauka shi ne ya biya, abin da ya fito da shi kuwa kai ne. Saboda haka darajarka ba ta bin ra'ayin mutane kamar sarƙar matar Plant, ba ta kuma jiran masu tunawa kamar sarƙar Goggo. An riga an biya, mai sayen kuma ba ya sayarwa. Haka nan darajar ɗan'uwan da kake gaba da shi, da ta leburan da ya haƙo abin da kake ado da shi, kuɗi ɗaya aka biya a kanku duka.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da ka sauka domin ka same mu, ka ba mu idon da zai rarrabe abin da ke dawwama da abin da ke dushewa. Ka kwance hannuwanmu daga duk abin da muka damƙe wanda yake raba mu da kai ko da 'yan'uwanmu. Ka tuna da waɗanda suke shiga ruwa da ramuka domin abincin iyalinsu, ka sa mu yi musu adalci. Ka riƙe mu a zare ɗaya har ranar da za mu shiga ta ƙofofin birninka. Amin.